Babi na Uku: A Ina Za a Haƙa Tafkin, Wa Kuma Za a Tambaya?

"Ina da fili a bayan gari, zan iya kiwon kifi a cikinsa?" Tambayar da ake yawan ji ke nan a majalisun Kutama da Getso da Garo, tun da matasa suka ga yadda ake sauke tarwaɗa mai rai a kasuwar kifi ta Galadima da ke Sabon Garin Kano, suka kuma ji kuɗin da ake sayar da kilo. Kafin a amsa ta, sai wani a gefe ya jefo ta biyu: "To sai an nemi izinin hukuma ne, ko mutum haƙawa kawai zai yi tunda filinsa ne?"

Duka tambayoyin biyu daga fili suka taso, domin ta nan manomi ya saba fara tunani. Mai gero da dawa fili yake fara nema, ruwa kuma ya jira shi daga sama. Kiwon kifi ya sha bamban da wannan. Ruwa ake fara nema, a tabbatar yana nan shekara zagaye, a san mai iko da shi da masu amfani da shi, sannan a dubi filin da ke kusa. Wanda ya juya wannan tsari yakan ƙare da rami busasshe, ko da shari'a da 'yan uwansa.

Abin da ya faru a Zanzibar

A gaɓar tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya akwai noman da ba ya buƙatar garma ko taki. Tun shekarar 1989 mutanen ƙauyuka irin su Paje da Jambiani, akasarinsu mata, suke noman ciyawar teku da aka kawo irinta daga ƙasar Filifin. Turaku suke kafawa a cikin yashi, inda ruwa ba ya wuce gwiwa idan teku ta janye, su ɗaura igiya, su ƙulla 'yan rassan ciyawar a jikinta. Bayan kamar mako shida su girbe su shanya, 'yan kasuwa su saya a fitar waje, inda ake tatsar wani sinadari mai sa kauri da ake zubawa a man goge baki da askirim da magunguna.

Iri biyu ake nomawa, ɗaya ya fi ɗaya tsada. Da tafiya ta yi tafiya, ruwan bakin gaɓa ya riƙa ɗumi fiye da da, sai iri mai tsadar ya fara ruɓewa a kan igiya. Matan ba su canza komai a aikinsu ba, wurin ne ya daina karɓar shukar. Masana suka ba da shawarar a matsa cikin ruwa mai zurfi da sanyi, amma can sai da kwalekwale da iya iyo, abin da yawancin matan ba su da shi. Ga kuma otal-otal da suka cika gaɓar, masu son yashi fes saboda baƙinsu, ba turaku da igiyoyi ba. Matsalar wuri da matsalar izini suka haɗu a kan mutum ɗaya.

Kusa da gida ma akwai misali. A yankin Kanem na ƙasar Chadi, matan Kanembu suna kwasar wata gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su yi miya da ita. Dihe suke ce mata. Ba ta yabanya sai a ruwan kanwa, kuma duk ƙoƙarin mutum ba zai sa ta cika kududdufin bayan gari ba.

Kutama ba ta da teku, ciyawar teku kuwa sai ruwan gishiri. Noman ruwan da ya dace da yammacin Kano shi ne na tarwaɗa da ƙarfasa. Amma ƙa'idar ɗaya ce da ta Paje da ta Kanem: wuri ne ke yanke hukunci, kuma ruwa ba ya rasa masu haƙƙi a kansa.

A je a ga wurin a watan Afrilu

Babban kuskuren masu farawa shi ne zaɓen wuri da damina. A watan Agusta kowane kwari a ƙasar Gwarzo da Kabo cike yake, rijiyoyi sun kawo ruwa har a ɗebo da gajeren igiya, fadama ta yi shar. Sai dai ruwan sama a nan daga wajen Yuni ne zuwa Satumba, daga nan sai wata bakwai ko fiye babu ɗigo. Tarwaɗa kuwa tana son wata huɗu zuwa shida kafin ta kai girman kasuwa. Wanda ke son zubi biyu a shekara, dole ɗaya ya ratsa rani. Don haka lokacin duba wuri shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da rijiyoyi suka ja baya, mata da yara suna layi a bakin burtsatse. Ruwan da aka gani a lokacin shi ne ruwan da gonar za ta dogara da shi.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi tsanani a yankin. Ƙarƙashin ƙasar yammacin Kano tsohon dutse ne mai tauri, ruwa kuma yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da cikin tsage-tsagensa. Ba haka abin yake ba a wajen Haɗeja da Gumel, inda shimfiɗar yashi mai kauri ke riƙe ruwa a faɗin ƙasa. Shi ya sa a nan za a haƙa burtsatse biyu da tazarar 'yan takun ƙafa, ɗaya ta yi ta ambaliya, ɗaya ta ba da bokiti goma ta tsaya. Ganin maƙwabci ya samu ruwa ba hujja ba ce. A kira masu awon ƙasa da na'ura kafin a kira motar haƙa, in an haƙa kuma a kunna injin na sa'o'i da yawa a tsakiyar rani, a ƙirga jarka nawa yake cikawa a awa guda, a ga ko ruwan zai yanke.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ya kamata kowa ya yi shi kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya. Tanki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, idan ruwa ya kai zurfin mita 1, yana cin lita 12,000. Jarka 480 ke nan masu lita 25. Idan kifi ya girma yana cin abinci sosai, ruwan yana ɓaci da sauri, sai an riƙa zubar da rabi ko fiye duk bayan kwana ɗaya ko biyu. Jarka 240 a kowane canji, a tanki ɗaya tak. Wanda ya yi niyyar sayen wannan ruwa a hannun 'yan garuwa, ribarsa ta tafi tun kifin bai kai tsawon tafin hannu ba.

Tafkin ƙasa bai cika son canjin ruwa haka ba, amma shi ma yana da nasa ɓarawon, wato rana. Da bazara ruwan da ke fili yana iya raguwa da milimita 7 ko 8 a yini. A tafki mai mita 10 da mita 20, wannan ya kai lita 1,600 kullum, jarka 64, ban da wanda ƙasa ke tsotsewa.

Bayan yawa sai kyau. Ruwan famfo yana ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke ƙona harzar kifi, sai an bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, wani kuma da ƙarfe a ciki, wanda ake ganewa da jan tsatsar da yake bari a jikin bokiti. Maganin duka biyun shi ne a fara tara shi a tankin sama, a bar shi ya faɗo yana fantsama. Akwai 'yar takardar gwajin tsamin ruwa da ake samu a shagunan kayan kiwo, kuma abin da ake so shi ne ta nuna tsakanin 6.5 da 8.5. Gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne a zuba 'ya'yan kifi goma a baho da ruwan wurin, a lura da su na mako guda.

Sanyi ma abin dubawa ne. Tarwaɗa ta fi girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. Da hunturu, a Disamba da Janairu, daren yankin yakan sauko ƙasa da digiri 15, kifi ya daina cin abinci, ƙanana su yi ta mutuwa. Wurin da katanga ko jerin bishiyoyi suka tare masa iskar arewa maso gabas ya fi wanda ke tsirara a kan tudu.

Ƙasar da ke riƙe ruwa

Wannan sashe na mai tafkin ƙasa ne. Mai tankin siminti ko na tamfol yana iya kafawa ko a kan fako.

Jigawa ba ta riƙe ruwa, haka marmara da tsakuwa. Laka ake nema, wadda aƙalla kashi 20 cikin 100 nata yumɓu ne. Ba sai an kai ta ɗakin gwaji ba. A haƙa rami har ƙugu, a ɗebo ƙasar ƙasan ramin, ba ta sama ba, a jiƙa ta a dunƙule, a jefa sama a cafe. In ta wargaje, yashi ya yi yawa. In ta tsaya a dunƙule, sai a je gwaji na biyu: a cika ramin da ruwa da safe, a ƙara cika shi da yamma, a rufe bakinsa da ganye, a dawo washegari. In mafi yawan ruwan na nan, ƙasar za ta riƙe tafki. A yi haka a wurare uku ko huɗu a cikin filin, don a yankin nan laka da yashi suna canzawa a tsakanin kunya da kunya.

Magina tukwane da masu yin tubali sun san inda yumɓu yake a kowane gari. Tambayarsu tana rage wahala.

Ba tudu ba, ba tsakiyar kwari ba

Kwari yana jan hankali don ruwa na kusa, amma hanyar ruwa ce, kuma ruwa yana dawowa hanyarsa. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda, wadda injiniyoyi suka gina da manyan injuna, ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarnar rayuka da gidaje da gonaki. Gaɓar tafkin da aka tara da shebur ba za ta fi ta ƙarfi ba. Tarwaɗa kuma ba ta jiran tafki ya fashe. Tana shaƙar iska kai tsaye, tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da zarar ruwa ya kawo baki cikin dare sai a wayi gari rabinta ta bi rafi.

Abin da ake so shi ne gefen fadama mai ɗan gangare, sama da inda ambaliya ke kaiwa, yadda ruwa zai shiga ta sama ya fita ta ƙasa ba tare da inji ba. Babu taswirar da ta san iyakar ambaliya kamar dattawan unguwa. A tambaye su inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi kowace yawa a saninsu, a ja da baya daga nan.

Sai a ɗaga kai a dubi abin da ke sama da filin. In gonakin tumatir da albasa da kabeji ne na noman rani, maganin ƙwarin da ake fesa musu zai gangaro da ruwan ban-ruwa ko da ruwan farko na damina, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe tafki guda a dare ɗaya. Haka wurin wankin mota da babur, da marina, da juji. A dubi nisa da gida kuma. Tafkin da ba a kwana kusa da shi rabonsa uku ne: na ɓarawo, na tsari da zalɓe, sannan na mai shi. Hanya ma ta zama wadda mota za ta shiga da damina, domin dillalai da asuba suke zuwa, kuma kifi mai rai suke saye.

Filin na waye?

Nan ne yawancin rigima take, kuma ba da gwamnati ake yinta ba.

Gonaki da yawa a ƙasar Gwarzo da Kabo na gado ne da ba a raba ba, wasu aro, wasu haya, wasu jingina. Ga mai shuka gero wannan ba matsala ba ce, in an girbe fili ya koma yadda yake. Tafki ba ya komawa. An kwashe ƙasar noma, an bar rami mai zurfin mita ɗaya da rabi, ko an kafa siminti. Wanda ya haƙa a gonar gado ba da yardar sauran magada ba, har da mata da waɗanda ke zaune a birni, ya sani ranar rabo tana zuwa, kuma tafkin yana iya faɗawa a kason wani. Wanda ya haƙa a gonar jingina, ranar da mai ita ya kawo kuɗinsa sai tashi, ko kifi ya kai ko bai kai ba. Sayen 'ya'yan kifi kafin a warware wannan daidai yake da kai lefe gidan da ba a je gaisuwar iyaye ba.

In haya ce, a rubuta. A faɗi shekara nawa, kuma kada ta gaza biyar, don kuɗin haƙa da burtsatse ba sa dawowa a zubi ɗaya ko biyu. A faɗi cewa tafki za a yi, a faɗi wanda zai mallaki burtsatsen da tankunan in wa'adi ya cika, da wanda zai cike ramin in mai fili ya so. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, da shaidu daga ɓangarorin biyu.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da ba na birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar haƙƙin zama na gargajiya a kansa, har zuwa hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Mai tafki biyu ko uku bai kusanci wannan iyaka ba, saboda haka sakatariyar Gwarzo ko ta Kabo ce ƙofarsa. Dokar ta kuma ce sayarwa ko jinginar da irin wannan fili yana buƙatar amincewar ƙaramar hukuma, abin da mutane da yawa ba sa yi. Takardar ciniki mai hatimin dagaci tana da amfani ƙwarai a gaban alƙali, amma banki ya fi neman takardar mallaka mai sa hannun gwamna, wadda ake bi ta ofishin filaye na jiha da hukumar KANGIS. Mai burin neman rance nan gaba gara ya fara bin ta da wuri, don ba ta fita a mako guda.

Ruwan na waye?

Yammacin Kano yana da arzikin madatsun ruwa, gadon shirin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. A yankin Kabo da Gwarzo akwai Guzuguzu da Magaga da Pada, akwai Kusalla a Ƙaraye, akwai Watari a Bagwai. Babbarsu ita ce madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Duk wanda ya tsaya a bakin ɗayansu da rani zai yi tunanin ga ruwa yana zaman banza. Ba banza yake ba. Ana jan ruwan sha daga wasunsu, ana ban-ruwa da su, shanu na sha, masunta na ci a ciki. Na Challawa kuma tafiya yake: ya haɗu da kogin Kano, ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa Jigawa da Yobe ya nufi tafkin Chadi.

Wannan tafiya ce ta sa gwamnatin tarayya ta shigo. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba tarayya iko da duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Dokar ta bar wa kowa ya ɗebi ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobinsa, ya yi su, mai fili a bakin rafi kuma ya yi ban-ruwan gonarsa. Abin da ya wuce nan, wato tare ruwa ko karkatar da shi ko jansa da inji don kasuwanci, yana buƙatar lasisi, kuma hukumar NIWRMC ta tarayya ce ke bayarwa bisa ƙa'idojin da aka fitar a 2016. Mai tankin tamfol biyu a tsakar gida ba shi ne abin da aka fi nufi ba. Amma wanda zai kafa babban inji a bakin kogi, ko ya haƙa burtsatse da yawa don tafkuna ashirin, ya shiga sahun masu neman lasisi.

Kiwon keji, wato a rataya ragar kifi a jikin duro ta yi iyo a cikin madatsa, shi ne ya fi kama da noman Zanzibar, don a ruwan jama'a ake yinsa. Ba a jefa keji sai da rubutaccen izinin mai madatsar. Madatsun Challawa da Tiga suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, hedkwatarta a Kano. Ƙananan madatsun na gwamnatin jiha ne, sai a fara da sashen kula da kifi na jihar, su nuna ofishin da ya rage. A takardar neman izini a faɗi gurbin da ake so, da yawan keji, da irin kifin. A nisanci bakin bututun ruwan sha, don ragowar abinci da kashin kifi a ƙarƙashin keji suke taruwa. A auna zurfin wurin a ƙarshen rani, lokacin da aka saki ruwa madatsa ta ja baya, a tabbatar akwai aƙalla mita guda tsakanin gindin keji da laka. Kada kuma a kawo baƙon kifi daga wata ƙasa ko wani kogi a zuba, domin dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana shigo da kifi mai rai daga waje sai da izini, kuma abin da ya kuɓuce daga keji ba ya kamuwa.

Sauran takardun ba su da nauyi ga mai farawa. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 manyan ayyuka ta fi nufa, irin tafkin da ya kai hekta 200. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana buɗe asusun banki da sunan gona. Matasa goma da suka yi rajistar ƙungiyar gama kai sun fi mutum ɗaya samun kunnen hukuma, musamman wajen neman gurbi a madatsa. Wanda zai yi banda ya ƙulla a leda da tambari sai ya nemi lambar NAFDAC. Kada a raina takarda: a 2018 Amurka ta dakatar da shigar tarwaɗar Najeriya kasuwarta saboda ba a cika takardun da ta nema kan tsarin duba lafiyar kifin ba, masu banda da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka kwana a ciki.

Izinin da ba a bayarwa a ofis

Mutum yana iya riƙe kowace takarda da aka lissafa a sama, gonarsa ta gagara zama. A kowace madatsa akwai masunta da sarkin ruwansu, waɗanda suka san inda suke shimfiɗa kalli da inda suke kafa mali tun kafin mai keji ya zo. In ya je musu da girmamawa, ya zauna da sarkin ruwa, aka nuna masa gurbin da ba zai tare kowa ba, ya ɗauki ɗaya ko biyu cikin 'ya'yansu aikin gadi da ciyarwa, ya samu masu tsaron da kuɗi ba ya saye. In ya zo da takarda daga Kano ya wuce su, zai yi ta ɗinkin raga.

Haka makiyaya. Burtali da mashaya ba na mutum ɗaya ba ne, ko da shekara biyu ba a ga garke ya bi ba. Shingen tafki da ya toshe hanyar shanu zuwa ruwa fitina ce da aka shuka da hannu, kuma fiƙihun da ake karantawa a zaurukan yankin ya gabatar da shan mutum da dabba a kan kowane amfani da ruwa. Wannan magana ta shafi burtsatse ma. In injin gona yana aiki dare da rana har rijiyoyin maƙwabta suka ƙafe a watan Afrilu, ƙara za ta je gaban dagaci, kuma gaskiya tana wajen maƙwabta.

Sai ruwan da ake zubarwa, wanda masu farawa ba sa tunawa da shi sai ya zama magana. Jarka 240 na ruwa mai ƙarni, in aka sake su a lungu, wari ne da sauro da zaizayar gindin katangar mutane, duba-gari kuma yana da hurumin rufe wurin. A karkara wannan ruwa dukiya ce, don cike yake da taki. Filin da ke da 'yar gona a ƙasansa, inda za a juya ruwan ga alayyafo da latas da ayaba da zogale, ya fi wanda ba shi da ita daraja nesa ba kusa ba. A tafkin ƙasa kuma a riƙa nome ciyawar baki, saboda a cikinta dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama, a kuma yi shinge saboda yara. Rami mai zurfin mita ɗaya da rabi ya isa ya ci ran ƙaramin yaro, kuma babu ribar da za ta biya wannan.

Malaman gona na KNARDA da ma'aikatan sashen noma na ƙaramar hukuma suna zuwa duba fili idan aka gayyace su, kuma ya fi kyau a gayyace su tun ba a sa diga a ƙasa ba. Wanda ya ga ruwansa a Afrilu, ya gwada ƙasarsa, ya riƙe takardar filinsa, ya kuma zauna da maƙwabtansa, ya kai matakin haƙa. Babi na gaba zai ɗauko daga nan: yadda ake fitar da awon tafki, da tudun gaɓa da gangarenta, da inda ake sa bututun shiga da na fita, da kuma lissafin da zai nuna wa mutum ko tafkin ƙasa ne ya dace da aljihunsa, ko siminti, ko tamfol.